Firem ɗin hoto mai lantarki: wanne ne zai zauna lafiya a falon Badawa?

Duk wanda ya shiga falon wani dattijo a Badawa, unguwar da ke maƙwabtaka da Nassarawa GRA da Giginyu a birnin Kano, kusan ya san abin da zai tarar a bango. Akwai hoton maigida na shekarar da ya sauke farali, da na ɗaurin auren babban ɗa, da na 'yar da ta kammala karatu a Jami'ar Bayero sanye da rigar yaye ɗalibai. A wasu gidajen akwai na marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya riƙe sarautar Kano daga 1963 zuwa 2014, ga kuma kalandar wani biki da shekararta ta wuce amma aka ƙi cirewa saboda amaryar 'yar gida ce. Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan sai da ya bi ta hannun mai hoto, aka wanke shi, aka faɗaɗa, aka sa masa gilashi da katako.

Yanzu an rage wanke hoto ƙwarai. Suna, walimar sauka, kamu, Hawan Nassarawa, duk a waya ake ɗauka, a waya kuma suke zama har ranar da wayar za ta faɗa ruwa ko ɓarayi su ƙwace ta. Wanda ya fi cutuwa da wannan sauyi shi ne tsohon da ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai. Kaka ba ta ganin jikanta da aka haifa a Abuja ko Jidda sai wani ya zo gaisuwa ya miƙa mata wayarsa na minti biyu, kafin ta gama gyara zaman tabarau an karɓe.

Wannan giɓi ne firem mai lantarki yake neman cikewa. Gilashi ne irin na kwamfutar hannu, an yi masa baki kamar firem ɗin katako, ana jingine shi a kan tebur ko a rataye, yana ta sauya hotuna da kansa. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sony ya fitar da irinsa tun a 1999, a farashin da sai mai hannu da shuni, sannan a tsakiyar shekarun 2000 ya zama kyautar da ake yayi a Turai da Amurka. Da wayoyi masu kyamara suka cika duniya kasuwarsa ta yi sanyi, har kamfanin Kodak ya sanar a watan Fabrairun 2012 cewa zai daina ƙera shi, makonni kaɗan bayan ya bayyana karyewar jarinsa. Abin da ya dawo da shi shi ne intanet. Yanzu ɗa yana Kuala Lumpur zai ɗauki hoton jaririnsa, kafin ya ajiye waya hoton ya bayyana a ɗakin mahaifiyarsa a Kano, ba tare da ta taɓa komai ba.

Matsalar ita ce kusan duk shawarar da ake samu kan wanda ya fi dacewa a saya, an rubuta ta ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya ƙarewa. Mai saye a Badawa yana da tambayoyin da waɗancan marubuta ba su taɓa yi wa kansu ba.

Ta farko, kuma mafi nauyi: a ina hotunan suke kwana? Firem ɗin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai na gargajiya, wanda ba ruwansa da intanet, sai a zuba hotuna a katin memori ko filashi a soka masa. Akwai wanda ke ajiye hotuna a rumbun kamfanin da ya ƙera shi, can a wata ƙasa, yana janyo su ta intanet yana nunawa. Sai na tsakiya, wanda ke karɓar hoto ta intanet amma ya adana shi a cikinsa, ko da an yi wata ba data zai ci gaba da nuna abin da ya riga ya samu.

Fitaccen misali na iri na biyu shi ne Aura, na wani kamfani da ke Amurka. Gilashinsa na da kyau, ba ya karɓar kuɗin wata don ajiyar hotuna, kuma masu sharhin kayan lantarki a can sun sha sa shi a sahun gaba. Sai dai ba shi da ƙofar katin memori ko ta filashi, aikinsa ya rataya ne a kan Wi-Fi. A gidan da intanet ɗinsa ƙaramar MiFi ce da maigida ke fita da ita kasuwa da safe, ko kuma wayar wani yaro da ake kunna wa mutane su jona, irin wannan firem ba zai yi abin da aka saye shi dominsa ba. Ga kuma tsadar data, wadda ta ƙaru tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan. Abin da aka ajiye a rumbun wani, mai rumbun ne ke da ta cewa. A watan Afrilun 2025 kamfanin Nixplay, ɗaya daga cikin tsofaffin masu wannan sana'a, ya rage ma'ajiyar da yake bai wa masu firem ɗinsa kyauta zuwa megabait 500, wanda yake son ƙari sai ya riƙa biya. Idan kowane hoto ya kai megabait 3, wannan wuri bai wuce na hotuna 160 da 'yan kai ba, abin da biki guda a Kano zai cinye tun kafin a kai amarya. A ƙarshen watan Maris na shekarar kuma Google ya sauya ƙa'idar yadda wasu manhajoji ke shiga Google Photos, lamarin da ya dagula wa masu firem da dama hanyar da hotunansu ke zuwa da kansu. Mutanen da suka sayi kaya da kuɗinsu sun wayi gari an sauya musu sharaɗi. Ga ɗan Nijeriya, biyan kuɗin wata da dala ba ƙaramin ciwon kai ba ne tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023.

Shi ya sa mai wannan sharhi ya fi karkata ga iri na uku. Mafi yawansu suna aiki da manhajar Frameo, ta wani kamfanin ƙasar Denmark, wadda masana'antu da yawa ke sakawa a firem ɗinsu, don haka za a gan ta a ƙarƙashin sunaye barkatai. Tsarinta mai sauƙi ne. Firem zai nuna wasu lambobi, a ba wa wanda ake so ya riƙa turo hoto, shi kuma ya shigar da su a wayarsa. Hoton da ya iso ya zauna a ciki. Yawancinsu suna zuwa da ma'ajiyar gigabait 16 ko 32, ga ƙofar ƙaramin kati. Ko da manhajar ta ci wani kaso, gigabait 10 da ya rage zai ɗauki hotuna sama da 3,000. Ya wadatar a jona shi da intanet ɗin waya sau ɗaya a mako, misali ranar Juma'a da 'ya'ya ke taruwa a gida, ya kwashi abin da aka turo.

Amma fa manhaja daban, jikin firem daban. Tun da kowace masana'anta na iya saka ta, akwai mai inganci akwai na jeka-na-yi-ka, kuma sunan Frameo a jikin kwali ba ya nuna wanne ne a hannunka.

Tambaya ta biyu ita ce wuta. Kusan duk firem ɗin nan ba su da batir, da an ɗauke wuta sun mutu. A tsarin da ake bi yanzu, layin da ke rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, na B awa 16, haka ake sauka har zuwa na E mai awa 4, kuma rabon kowane gida ya danganta da layin KEDCO da yake kai. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon lantarki ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Cin wutar kansa ba abin damuwa ba ne. Firem mai inci 10 ba kasafai yake wuce wat 10 ba. A ce yana aiki awa 10 kullum, a wata ya sha yunit 3 ke nan, wanda ko a farashin rukunin A na naira 200 da ɗoriya bai kai naira 700 ba. Inbata ko ƙaramar sola ba za ta ji nauyinsa ba. Abin dubawa shi ne halinsa idan wuta ta dawo. Wani yana tashi da kansa ya ci gaba da nuna hotuna. Wani kuwa sai an danna masa maɓalli a baya, ko ya tsaya a shafin zaɓe-zaɓe da Turanci yana jiran umarni, agogonsa ya koma sha biyun dare, lokacin barcin da aka saita masa ya rikice, ya kama haska ɗaki ƙarfe uku na dare. A gidan da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, Hajiya ba za ta riƙa tashi sau biyar tana lalube a bayan firem ba. Mako biyu ya isa a lulluɓe shi da ƙyalle a manta da shi.

Sai a duba kan cajar. A karanta ɗan rubutun da ke jikinsa, a tabbata an rubuta 100 zuwa 240V, domin irin wannan ne ke jure wutar Nijeriya mai 230V, ya kuma jure ranar da ta zo ba ƙarfi. Wanda aka aiko daga Amurka yana zuwa da baki mai ƙafa biyu masu faɗi, ba ya zama daram a soket ɗinmu mai ƙafa uku, kuma adafta mai girgiɗi ita ce ke jawo tartsatsi. Abin da ya fi kashe irin waɗannan na'urori shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi, ko lokacin juyawa daga Nepa zuwa janareta, don haka soket mai kariya daga hauhawar wuta ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya samu firem mai aiki da 5V ta igiyar USB ya dace, domin fawa-bank ɗin waya zai iya riƙe shi. Mai 10,000mAh zai kai shi awa huɗu zuwa biyar, ya danganta da ƙarfin hasken da aka saita.

Daga nan sai gilashin. Girma kawai ba ya nuna kyau, abin lura shi ne yawan ɗigon hasken da ke haɗa hoton. Mai inci 10 ya kasance 1280 sau 800 ko sama. Mai inci 15 ya kasance 1920 sau 1080. Akwai masu inci 10 da ke da 1024 sau 600 kacal, da manya masu inci 15 da aka bar su a 1280 sau 800, kuma a kansu fuska takan fito dishi-dishi ga wanda ya matso kusa. A nemi wanda aka rubuta wa IPS, saboda a falon Bahaushe ba kowa ke fuskantar firem kai tsaye ba. Wani na kan kujera ta gefe, yara na zaune a ƙasa kan kafet suna kallo daga ƙasa, kuma gilashi mai araha yana juya launi ya yi duhu da zarar an kauce daga gabansa.

Siffar gilashin ma tana da tasiri. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto a ma'aunin 4 da 3, alhali firem da yawa dogaye ne irin talabijin, 16 da 9. Idan hoton bai yi daidai ba, ko dai a bar baƙin fili a gefe, ko na'urar ta datse sama da ƙasa don ta cika gilashi. Abin da ake datsewa kuwa shi ne hular zanna da aka karya da kyau da ɗaurin ɗankwalin da aka ɓata awa guda a kansa. Mai 4 da 3 ya fi dacewa, mai 16 da 10 ma ba laifi, kuma ya zamana ana iya tsayar da shi a tsaye hoton ya juya da kansa, tun da yawancin hotunan waya a tsaye ake ɗaukar su.

Hotunan gwaji da ke zuwa cikin firem, na furanni da duwatsun ƙanƙara da yara farare, an zaɓe su ne don su ƙawata kowane gilashi. Gwajin gaskiya shi ne mai saye ya tafi da nasa a kati: hoton baƙin mutum sanye da farar shadda, an ɗauka da tsakar rana a filin ɗaurin aure. Gilashi mai kyau zai nuna idanu da murmushin mutumin, ya kuma nuna aikin zaren da ke wuyan babbar rigar. Maras kyau zai mayar da fuskar baƙin dunƙule, rigar kuma farin fili ba zane. Gani ya kori ji. Mai shagon da aka ce wa, "Alhaji, don Allah a kunna a sa wannan mu gani," ya ƙi, ya riga ya ba da amsa.

Wani abin da ke ɓata hoto ba laifin firem ba ne. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, wanda kuma aka yi ta turawa daga wannan zaure zuwa wancan, ko aka ɗauko daga sitatus, ya riga ya gaji. Tun 2023 akwai zaɓin HD a manhajar, ana kuma iya tura hoto a matsayin fayil ya isa yadda yake.

Zafi da ƙura ba sa buƙatar dogon bayani. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, don haka kada a ajiye firem inda rana ke dukansa ta taga, ko a saman firji. Da hunturu ƙura na shiga ƙofofin kati, sai a riƙa goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ba da ruwa ba.

Akwai kuma batun da babu kwalin da ya yi magana a kansa, alhali a Kano shi ne zai iya hana firem shiga gida gaba ɗaya. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoton kyamara. Wasu sun haɗa shi da hanin da ya zo kan surar abu mai rai, wasu sun bambanta shi da zane da sassaƙa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yarda a ɗauka ba sa son a rataye shi a bango. Akwai gidaje a Badawa da ba za ka ga hoton mutum ko ɗaya a fili ba, kuma ba don rashin hali ba ne. Wanda zai kai wa iyayensa ko surukansa wannan kyauta ya fara sanin matsayar gidan, idan akwai shakka a tambayi malamin da ake bi. A inda aka yarda, firem mai lantarki yana da sauƙin da na katako ba shi da shi, domin ana iya kashe shi lokacin sallah, ana iya saita masa sa'o'in aiki, ana kuma kauce wa ajiye shi ta ɓangaren alƙibla. Wasu ma hotunan Harami da Masallacin Madina da Dutsen Dala da karofin Ƙofar Mata kawai suke zuba masa.

Sutura ita ce ta biye. Hoton bango an zaɓe shi da natsuwa, an san kowa zai gani. Firem mai karɓar saƙo kuwa, abin da aka turo shi zai nuna. Ƙanwar amarya za ta turo hotunan ranar lalle da kamu, mata ba mayafi suna cikin walwalarsu, sai ga su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a falon baƙi daidai lokacin da abokan maigida suka zo gaisuwar Sallah. Ba wanda ya yi niyyar haka, amma abin kunya ya riga ya faru. Maganinsa shi ne a yanke tun farko ko firem ɗin na falon waje ne ko na ɗakin uwargida, a taƙaita waɗanda za a ba lambobin, a kuma wakilta mutum ɗaya mai hankali da zai riƙa dubawa yana ɓoye abin da bai dace ba. Saboda haka firem ɗin da ke ba da damar ɓoye hoto ba tare da an goge shi ba, da cire sunan mai turowa cikin sauƙi, ya fi wanda bai da wannan ko da gilashinsa ya fi kyau.

A gidan da ke da mata biyu ko uku, firem ɗin falon maigida ma wurin adalci ne. Idan 'ya'yan ɗaki ɗaya ne suka iya manhajar suka cika shi da nasu, sauran za su lura, ko ba su ce komai ba. Haka hotunan mamata. Wata uwar ganin fuskar ɗanta da ya rasu yana sa ta yi masa addu'a ta ji sanyi, wata kuwa yana fama mata miki kullum. Ita ya kamata a tambaya, ba a yanke mata ba.

Ta fuskar tsaro, firem mai intanet ƙaramar kwamfuta ce, kuma an taɓa ganin ɓarna. A farkon 2008 kamfanin Best Buy na Amurka ya amsa cewa wasu firem ɗinsa masu suna Insignia sun fito daga masana'anta da ƙwayar cutar kwamfuta a cikinsu. Darasin bai tsufa ba. Firem maras suna, maras adireshin kamfani, wanda manhajarsa ke neman izinin shiga lambobin waya da saƙonni, bai cancanci a ba shi hotunan iyali ba.

Game da wurin saye, wanda ke Badawa zai fara da kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, ko Beirut Road, ko shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ko ya yi oda ta Jumia da Konga. Kaya ne da ba kowane shago ke ajiyewa ba, farashinsa kuma yana bin dala. Amfanin saye hannu da hannu shi ne gwaji da sanin inda za a mayar idan ya ba da matsala, abin da wanda aka aiko daga waje ba shi da shi. A kula da katin memori, domin jabu sun yi yawa, ana rubuta musu girman da ba su kai ba, su cinye hotuna ba a sani ba. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, tsohuwar kwamfutar hannu na iya yin aikin, sai dai batirinta kan kumbura idan aka bar ta a caji dare da rana cikin zafi. Talabijin mai ƙofar filashi ma tana nuna hotuna, amma tana shan wuta ninki da yawa.

Firem ba ma'ajiya ba ce da za a dogara da ita. Yana iya ƙonewa dare ɗaya. Duk hoton da ke cikinsa ya zamana akwai kwafinsa a wani wuri, tsofaffin hotunan albam da aka ɗauka da waya aka zuba masa kuma kada a zubar da na asali, a ajiye su inda gara da danshin damina ba za su kai ba. Hotuna goma ko ashirin da suka fi daraja a wurin iyali, har yanzu gara a kai su a wanke.

Ga yawancin gidajen Badawa, wanda ya dace shi ne mai inci 10, gilashin IPS mai 1280 sau 800, mai ajiye hotuna a cikinsa, mai ƙofar kati, wanda ba ya neman kuɗin wata. Kafin ka miƙa kuɗi, ka roƙi mai shago ya zare shi daga soket yana tsakiyar aiki, a jira minti ɗaya, a mayar. Idan ya tashi da kansa ya ci gaba da nuna hotuna, ka biya. Idan ya tsaya jiran a taɓa shi, ka nemi wani.